Sabuwar Ƙeyar Kyamarar Barnabas

Idan aka jera mini sanƙon mazan Kaduna aka ce in fitar da na Barnabas mai hoto, ba zan ɓata wa kowa lokaci ba. Fuskarsa ce dai ba zan yi rantsuwa a kanta ba. Na san tsakiyar kansa tun tana da gashi baƙi wuluk, na ga saukar furfura, na kuma ga ranar da ita ma furfurar ta tattara nata ta bar masa fili fetal. Duk matan layin atamfa na Babbar Kasuwa haka suka san shi, shi ya sa muke ce masa Sunkuyau. Ya amsa sunan tun da daɗewa, don ba shi da bakin musu da mu.

Shagonsa yana Kinkinau, tsakanin mai gyaran keken ɗinki da wata mata mai sayar da ƙanƙara. Mutumin wajen Kafanchan ne. Ya shigo garin nan yana saurayi, ya koyi hoto a hannun wani dattijo ɗan Gana, da dattijon zai koma gida ya bar masa shagon da kyamarar. Ita kyamarar wani baƙin akwati ne mai nauyi kamar dutsen niƙa. Ba a ɗaga ta zuwa ido. Dasa ta ake yi a kan ƙafafu uku daidai cibiyar mutum, a buɗe murfin sama, a leƙa ciki kamar mai duba ko shinkafa ta tsotse. A ciki akwai gilashi mai kusurwa huɗu, a nan yake ganinki, 'yar mitsitsiya, kuma a juye. Shi ya sa in ya ce ki matsa dama, hagu yake nufi. Duk wadda ta saba da shi ta san haka, baƙuwa ce kawai ake ganewa da zarar ta bi umarninsa.

Wannan leƙen shi ya ba shi kasuwa. Maigidana, marigayi Alhaji Lawal, Allah ya ji ƙansa, mutum ne da ko mai gyaran famfo zai shigo gida sai ya tsaya a kansa. Da na matsa ina son hoto ina amarya, da kansa ya je ya fara zama a kujerar don ya ga yadda ake yi. Ya dawo yana murmushi.

Ya ce, "Ki je. Wannan ko shekara ya yi yana ɗaukar ki, in kun haɗu a hanya ba zai gane ki ba."

Alhaji ya gaya wa abokansa na layin kayan gini, su ma suka gaya wa nasu. Kafin ka ce me, matan Tudun Wada da Unguwar Sanusi da Unguwar Sarki duk wurin Sunkuyau suke. Kirista ne, kowa ya sani, ranar Lahadi shago a rufe yake har sai an tashi daga coci. Babu wanda abin ya dama. Lokacin da gari ya rikice mutane suka yi ta ƙaura zuwa ƙetaren gada, shi bai motsa daga gidansa na Malali ba, maƙwabtan shagon ne suka tsare masa ƙofa har ƙura ta lafa.

Ni ban taɓa yarda cewa kyamarar ce ta koya masa kunya ba. Kunyar ce ta samu kyamarar da ta dace da ita. Ko a biki ka gan shi, da takalmin mutane yake gaisawa.

Abokin faɗansa guda ɗaya ne a duniya, shi ne farin leshi. Mu baƙaƙe ne, kuma ba mu da abin so kamar farin kaya. In ya kula da fuska, leshi ya ƙone ya koma farar takarda, duk aikin da ke jikinsa ya ɓace. In ya kula da leshi, fuska ta nutse, sai ido da haƙora kamar mage a ƙarƙashin gado. Sai ya yi ta jan fitilu yana matso da su yana janyewa, mu kuwa muna zaune zufa na wanke mana hoda.

In ya gaji sai ya ce mini, "Hajiya Uwani, ba ki da wani kala ne?"

"Ina da shi. Fari nake so."

"To, Allah ya ba mu haƙuri."

"Kai ya ba. Ni zama kawai nake yi."

Haka muka yi ta yi har muka tsufa tare. Hoton sunan 'ya'yana shi ne, hoton dawowata daga Makka shi ne, hoton da ke rataye a falona na Alhaji da farar hula shi ne.

Sai fim ya fara wuya. Da farko a Kaduna ake saye, aka koma sai Legas, daga baya ko a Legas sai an yi cigiya, in an samu kuma babu mai wanke shi. Waya ta shigo hannun kowa, jikokina suna ɗaukar kansu da kansu suna turo baki kamar an hana su nama. Wani ya ba Barnabas shawara ya sayi ƙaramar kyamarar zamani irin ta masu hoton biki. Ya saya. Ranar da zai gwada ta muka je da ƙawata Hajiya Juwairiyya, wadda rumfarta ke kallon tawa a kasuwa, mace mai jiki da murya, ba ta iya raɗa ba ko a gidan makoki. Ta zauna, ya ɗaga abin zuwa fuskarsa, ya kanne ido ɗaya, ɗayan ya sauka a kanta.

Ta ce, "Au, Sunkuyau, ashe kana da ido?"

Ya sauke kyamarar a hankali kamar ta ɗau zafi. Ranar Lahadi ya kai ta coci ya ba matasa kyauta.

Daga nan shago ya koma wurin zama. Ya buɗe da safe, ya share, ya goge akwatinsa da tsumma, ya zauna yana sauraron rediyo. Matarsa Magajiya ta rasu a tsakanin nan, gidan Malali ya yi masa faɗi. 'Yarsu guda ce, Precious, tana Abuja a wani kamfani da ke ɗaukar hotunan talla. Ta gaji sana'ar, sunkuyon ne dai bai bi ta ba, ita ko wane ne ido cikin ido take kallonsa. Ta yi ta fama da shi ya rufe shago ya koma wurinta. Ya taɓa zuwa ya yi mako guda, ya dawo yana ba ni labari: gida a saman bene, maƙwabcinka bai san sunanka ba, in ka gaishe shi sai ya duba ko wani abu kake sayarwa.

Ya ce, "Hajiya, in na koma can, zaman jiran ranar kawai zan yi."

Na ce, "A nan ɗin me kake jira, sarauta?"

Ni kaina na ji bakina ya yi tsawo a ranar.

Farkon daminar bara Precious ta zo da wata ƙaramar jaka mai soso a ciki. Ta aiko aka kira ni, ta ce in sa farin leshi. Da na isa na tarar ta ɗora akwatin ubanta a kan tebur, shi kuma yana tsaye a gefe yana murza hannu kamar an kwantar da ɗansa a asibiti.

Ashe kyamarar rabuwa take. Bayanta, inda ake sa fim, cirewa yake kamar murfin kula. Precious ta danna wani ɗan maɓalli ta zare shi, ta fito da wani sabo daga jakar, ta manna, ya shige ƙwas kamar tare aka ƙera su. Ni dai ƙeya na sa masa suna, tunda a ƙeya yake zama. Kafin ta manna ta nuna mini cikinsa: wani ɗan gilashi mai walƙiya da bai fi kwalin ashana ba. Ta ce sunansa sensa, shi ne ke karɓar haske a madadin fim, kuma ɗigo miliyan ɗari ne a jikinsa, kowanne da aikinsa.

Na ce, "Wa ya ƙirga?"

Ta yi dariya. "Mama, na da ma suna da ɗigo da yawa. Abin da ya bambanta wannan, na da wayoyinsu a gaba suke, suna tare wa ɗigon haske. Wannan an mayar da wayoyin baya. Haske kaɗan ya ishe shi, kuma yana riƙe duhu da fari a lokaci guda."

"Wato sai yanzu Turawa suka gane ba a shanya a bakin taga."

"Kusan haka ne."

Sannan ta juya wurin ubanta, ta daina dariya. "Baba, ga akwatinka, ga leƙenka, babu abin da na taɓa sai bayan. In mata sun dawo kafin ruwa ya ɗauke, na ƙyale ka, ba zan sake yi maka maganar Abuja ba. In ba su dawo ba, mu rufe, ka biyo ni. Ka yarda?"

Ya ce ya yarda. Da ƙasa ya yi maganar, amma mun ji.

Na hau kujera. Ya tashi zai kunna fitilu, ta ce ya bar su, hasken ƙofa ya isa, ga shi kuwa hadari ya haɗu, shagon dishi-dishi. Ya buɗe murfi, ya sunkuya, ya murza, ya ce in matsa dama, na matsa hagu. Akwatin ya yi ƙarar nan tasa da na sani tun ina amarya. Kafin in sauke numfashi hoton ya fito a allon kwamfutar da Precious ta jona da waya.

Ga leshi, kowane fure a wurinsa. Ga fuskata, baƙa, da haskenta, babu inda ya nutse. Barnabas ya matso yana kallo, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Abin da ya yi shekara da shekaru yana jan fitila a kai, ga shi an yi da hasken ƙofa ranar hadari.

Da yarinyar nan ta tsaya a nan da an rabu lafiya. Sai ta ce bari ta nuna mana ƙarfin abin, ta sa yatsa ta jawo hoton. Haɓata ta cika allo. Ga gashin nan uku da nake tsigewa duk Juma'a, sun leƙo kamar sun ji ana rabon abinci. Ga tabon ƙyanda na yarinta, ga inda kwalli ya zarce, ga ƙarzuwa a jikin haƙorin Makka. Ni kam dariya ta kama ni har da riƙe ciki. Da na waiwaya, Barnabas ya ba mu baya, yana fuskantar bango kamar ɗan makarantar da aka hukunta.

"Hajiya, ki yafe ni."

"Me ka yi?"

"Na ga abin da ba hurumina ba."

"Kai, Alhaji Lawal ya mutu bai san da gashin nan ba. Ka riƙe mini amana kawai."

Bai yi dariya ba. Precious ta ce ai da can ma yana ganin fuskoki in yana wanke hoto. Ya ce ba ɗaya ba ne. A jikin fim fuska fara ce, haƙora baƙaƙe, babu wadda take matar wani. Hoto in ya fito kuma daga nesa yake dubawa, kamar yadda za ka hango mutum a tsallaken titi. Wannan kuwa kusanci ne da sai miji, mijin ma sai wanda ake shiri da shi.

Ta rarrashe shi, ta ce ba dole sai ya jawo hoton ba, ya duba shi gaba ɗaya kawai ya tabbata komai ya shiga. Ta fito da wani ɗan baƙin kwali mai taga a tsakiya, ta shimfiɗa a kan gilashin da yake leƙawa. Ta yi masa bayani dalla-dalla, ina wurin: sensa bai kai fim girma ba, don haka gilashin yana nuna abin da ya fi wanda zai fito. Abin da ke cikin tagar kwalin shi ne hoto, na wajenta babu shi. Ya yi ta gyaɗa kai irin gyaɗawar da iyaye ke yi wa 'ya'yan da suka yi boko. Ta koma Abuja da kwanciyar hankali.

Motarta ba ta wuce Kakuri ba, ina jin, ya naɗe kwamfutar ya tura ƙarƙashin tebur. Ita ma ƙeyar tana da nata ɗan allon na nuna hoto, ya manne shi da baƙin salatif. Wannan na gani da idona, na yi masa tsiya, ya ce shi bai taɓa buƙatar a nuna masa abin da ya ɗauka ba. Abin da ban gani ba, sai daga baya ya faɗa mini, shi ne ya cire kwalin. Wai ya matse masa ɗaki.

Ni kuwa na sa abin a raina. In Sunkuyau ya tafi Abuja, wa zan riƙa tsokana a hanyar komawa gida? Sai Allah ya kawo bikin Aziza, jikar Hajiya Juwairiyya. 'Yan layinmu muka yanke kowa ta sa farin leshinta, ɗauri kuwa iri ɗaya, gwaggwaro mai ruwan zinariya. Na ce hoton ƙungiya a wurin Barnabas za a yi, a buga shi babba a rataye a falon amarya. Aka yi ta gunaguni, wai ya tsufa, wai akwai yara masu jirgin sama na hoto. Na ce duk wadda ba ta zo ba zan faɗi shekarunta na gaskiya a gaban surukanta. Kowa ta zo.

Ku da ba ku san gwaggwaro ba, ba ɗankwali ba ne da za a yafa a fita. Tun safe aka kira mai ɗauri, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya, tana ja tana murɗawa har kunne ya daina jin magana. Na Hajiya Juwairiyya, da yake ita ce kakar amarya, hawa-hawa aka yi masa, sai da ta rusuna kafin ta shiga ƙofar shago. A Keke Napep ma a karkace ta zauna tun daga gida.

Barnabas ya sha farar riga da guga. Ya jera mu, manya a kujera, saura a tsaye, ya leƙa akwatinsa.

"Hajiya ta ƙarshe, a shigo dama kaɗan."

"Damarka ko tamu?"

"Kun sani ai."

"Sunkuyau, ɗaurina ya shiga?" in ji Hajiya Juwairiyya.

"Ya shiga har da sarari a samansa."

"Ka duba dai. Wuyana ya kusa karyewa a kansa."

"Hajiya, tunda nake ban taɓa yanke wa kowa kai ba."

Gaskiya ya faɗa, a gilashinsa komai ya shiga. Ya danna, ya sake dannawa, muka watse muka tafi wurin biki. Ya zare ɗan katin da hoton ke ciki ya kai wa masu bugawa a cikin gari, ya ce a yi shi da faɗin taga, a sa firam, a naɗe. Aka naɗe masa a takarda, bai buɗe ba. Ya ɗauko shi da kansa ya kawo kasuwa ana tsakiyar ciniki, don a gani a gaban kowa. Na san abin da ke ransa. So yake layin atamfa kaf ya shaida.

Muka taru a gaban rumfar Hajiya Juwairiyya, har da masu dako da 'yan layin takalma. Ita ta yage takardar.

Babu gwaggwaro ko ɗaya a sahun baya. An yanke su daidai goshi, kamar an bi da reza. Mu na kujera namu ya tsira, sai dai ƙafafunmu sun tafi, takalman da muka saya don ranar babu ko hanci. Hajiya Juwairiyya kuwa ta ƙi zama a ranar, wai leshinta zai yamutse, ta tsaya a tsakiyar sahun baya. Da yake ta fi kowa tsawo, ita daga gira aka fara ta.

Kowa ya zuba wa hoton ido. Wani ɗan dako ya saki dariya, ya mayar da ita tari.

"Barnabas." Ban taɓa jin ta kira shi da sunansa ba sai ranar. "Ina kaina?"

Ya sunkuyar da kai.

"Na ce ina kaina? Tun asuba mai ɗauri take kaina. Panadol na sha kafin in iya cin abincin bikin jikata. Ka ce mini har da sarari a sama. Ina sararin? Ina ɗaurin? Wannan zan kai falon yarinya, dangin miji su ce kakarta rabin mutum ce?"

Ta matso da fuskarta jikin hoton don ta nuna masa inda aka yanke, yatsa a miƙe. Sai yatsan ya tsaya. Ta sauke shi daga goshinta zuwa kafaɗarta. Ta ƙara matsawa har hancinta ya kusa taɓa gilashin.

"Uwani, zo ki gani."

Na matsa. Leshinta ne. Kowane rami na furen ya fito da bakinsa, ana ganin inda almakashi ya bi da hannu, wani ramin ya ɗan fi wani, yadda na asali yake. Zaren audugar ma ana ganin murɗinsa. Mu da muka tsufa muna shafa yadi da yatsa, ga shi muna shafawa da ido.

Ku fahimci ciwon da ke ranmu. Tunda hoton waya ya zo, mai leshin asali da mai na roba duk ɗaya suke fitowa. Ki yi tanadi ki sayi abu mai daraja, wata ta sayi kwaikwayonsa, a ɗauke ku tare a watsa, ita har ta fi ki ƙyalli. Mun daɗe muna haɗiye wannan.

Nan take aka manta da kawuna. Kowa ta turo tana neman kafaɗarta. Aka gano na wance na asali ne, na wance ma haka. Aka iso kan Hauwa'u, wadda ta rantse mana cewa daga Dubai ƙaninta ya kawo mata nata. Ramukan nata duk girmansu ɗaya, bakinsu a ƙone yake, yankan inji, zaren yana sheƙi irin na leda.

"Hauwa'u, wace unguwa ce Dubai ɗin?"

"Tela ne ya musanya mini."

"Allah ya isa tsakaninki da tela, to."

Ita ma dariyar ta yi, don ba yau ta fara ba. Ana cikin wannan hayaniya na waiga, babu Barnabas. Ya sulale tun ana faɗan kai, bai ji sauran ba.

Washegari da hantsi na same shi a shago yana naɗe fitilu a tsohuwar jarida. Ya sauke labulen bango mai zanen lambu. Ya ce ya riga ya kira Precious, ya gaya mata komai, har da cire kwalin. Za ta zo ranar Asabar.

"Me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba. Da ma ta yi faɗa."

"Ina kwalin?"

Ya zaro shi daga aljihun gaba.

"Mayar da shi. Yarinya ta gaya maka gaskiya ka ƙi ji, don kai ka haife ta. Mayar."

Ya mayar, amma ya ce ko da kwali ba zai ƙara yarda da kansa ba, sai an duba allo, shi kuma ba zai iya duban allon nan ba. Ya gwada a zuciyarsa, ya kasa. Gara ya tafi da mutuncinsa da ya zauna yana ƙare wa matan mutane kallo da tsufansa.

Na ce, "Fito da kwamfutar."

Ya fito da ita, ya jona yadda aka koya masa, ya ajiye a tebur tana kallonsa. Na kama ta na juya, ta ba shi baya, ta fuskanci kujerar zama.

"Kai, a rumfata madubi wa yake kallo, ni ko mai saye? Tunda nake ban taɓa ce wa mace zane ya yi mata kyau ba. Madubi nake miƙa mata, ta yi faɗa da kanta ta gama, ta saya. Wa ya ce kai za ka duba? Kai ka leƙa akwatinka ka danna. Mai fuska ta duba fuskarta."

Ya tsaya yana kallon bayan kwamfutar.

"In ba ta yi mata ba fa?"

"Ta ce a sake. Fim ne da zai ƙare?"

Bai gama tunani ba muka ji Keke ya tsaya a ƙofa. Hajiya Juwairiyya ce, a karkace, an sake ɗaura gwaggwaron, ya fi na ranar biki tsawo. Bayanta jaka ce cike da kaya.

"Sunkuyau, ban yafe ba tukuna. Za ka sake, kuma ni kaɗai, daga ɗauri har takalmi. In ka gama da leshin akwai shadda, akwai atamfar da uwata ta bar mini. So nake jikokina su san ba tsumma na sa a duniya ba."

Ya mayar da labulen lambu. Ya leƙa, ya ja akwatin baya har ya kusa fita ƙofa kafin ɗaurin ya shiga tagar kwalin. Ya danna. Hoton ya fito a gabanta. Ta duba sama, ta duba ƙasa, ta ce in jawo mata hannun riga. Na yi ta dangwala yatsa har Allah ya ba ni sa'a. Ta daɗe tana kallo.

"Kafaɗar ta karkace. Sake."

Ya sake.

"Yanzu kuma na yi fuskar masu bin kuɗin haya. Sake."

Ranar Asabar Precious ta iso da manyan jakunkuna na kwasar kaya. Ba ta samu wurin ajiye su ba. Mata ne a kan benci, mata a kan tabarmar da aka aro wurin mai ƙanƙara, kowa da ƙullin kayanta a cinya. Labari ya zaga kasuwa cewa akwai hoton da ke bambance na asali da jabu. Har Hauwa'u tana layi, ta ce wannan karon a jawo a gani. Wasu uku sun dafe allo suna gardama a kan bakin zanen wata, ita mai zanen tana kan kujera tana ba su amsa.

Precious ta tsaya a bakin ƙofa da jaka a kowane hannu. Ta dubi kwamfutar da ke fuskantar kujera, ta dube ni. Na ɗaga mata gira.

"Baba, na zo."

"Sannu da hanya. Matsa kaɗan, kin tare haske."

Ta matsa. "Kayan fa?"

"Wane kaya?"

"Kai ka kira ni."

"Na kira." Ya murza akwatin, ya ce wa ta kan kujera ta ɗaga haɓa. "Batirin nan ba ya kai la'asar. In za ki dawo ki taho da na biyu."

Ta ajiye jakunkunan a waje, ta naɗe hannun riga, ta shigo ta nuna mini yadda ake jawo hoto ba tare da na yi ta dukan allo kamar ina kashe sauro ba. Ta wuni tana taya mu, ta kwana a Malali, bayan coci ta kama hanyar Abuja ita kaɗai. Da za ta tafi ta leƙo gidana ta ce in riƙa sa ido ya ci abinci.

Ina sawa, amma ba ya samun sarari. Mace ɗaya sai ta canza kaya sau nawa, kowanne kuma sai ƙawayenta sun yi masa shari'a kafin ta sauka daga kujera. Shekaranjiya ya aiko mai ƙanƙara ta gaya mini wai in roƙi 'yan layinmu su bar masa tsakanin azahar da la'asar. Na ce ta koma ta ce masa ni ba sakatariyarsa ba ce, in yana da magana ya zo kasuwa ya faɗa musu da bakinsa. Har yau bai zo ba.